Rasuwar Ɗakin Sigina Ranar Babbakar Kawuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa, Malam Garzali, mazaunin Greensboro, tsohon mai ba jirgin ƙasa hanya a tashar Zariya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Ɗakin Sigina na filin tsofaffin jiragen ƙasa da ke bayan McLeansville. Marigayin ya rasu washegarin Babbar Sallar da ta wuce, da rana tsaka, yana tsaye a kan ƙafafunsa. Ba za a ce bayan doguwar jinya ba, ba kuma za a ce bayan gajeriya ba, don ko mura ba ya yi. Ƙone shi aka yi. Wanda ya ƙone shi yana nan cikin garin nan da babbar rigarsa, yana miƙa wa mutane hannu bayan sallar Juma'a, shi kuwa Malam Garzali sunansa ne ya tafi da laifin. Saboda haka wannan sanarwa za ta ɗan yi tsawo. A yi haƙuri, an daɗe ana haɗiye ta.

An haifi marigayin fiye da shekara ɗari da suka wuce, a wata mahaɗar layin dogo can cikin karkara, zamanin da jirage ke jigilar taba da auduga. Ɗan siririn bene ne na katako. Samansa tagogi ne ta kowace fuska, don mai aiki ya hango jirgi tun yana nesa. Ƙasansa kuma wani ɗaki ne mai duhu cike da ƙarafa da wayoyi, nan ne hanjinsa. Ya yi wa reluwe hidima ba hutu ba fansho, dubban jirage suka wuce ta gabansa, ba a taɓa jin ya haɗa biyu a layi ɗaya ba. Da zamani ya juya, mutum ɗaya a ofis mai sanyi ya koma yana danna maɓalli yana juya layin jiha guda, sai aka rufe shi aka bar wa tattabaru. Ana gab da rushe shi wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi suka kafa ƙungiya, suka roƙa aka ba su shi. Shugabansu shi ne Mista Odell, wani dogon dattijo baƙar fata da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa taragu. Suka ɗora marigayin a kan tirela suka kawo shi wannan fili, suka shimfiɗa masa ɗan guntun layi, suka samo ƙaramin kan jirgi mai jan yara ranar Asabar zuwa bakin itatuwa ya dawo da su.

A nan Malam Garzali ya same shi. Shi Malam ya baro gida ne bayan aikin reluwe ya mutu a hannunsu, ya zo nan ya kama tuƙin motar ɗaga kaya a wani sito ta wajen Wendover, inda ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya iya a da. Wata Asabar ya fita neman gonar da ake sayar da awaki, ya ɓata hanya, sai ya hango hannun sigina, jan allon nan da ke tsayar da jirgi, a miƙe saman masara. Ya taka birki har na bayansa ya yi masa hon. Ya shiga filin, ya hau matakala, ya tarar da sandunan ƙarfe na juya layi a jere suna ƙyalli. Bai kai hannu ba. Ya laluba aljihu ya zaro hankici, ya rufa kan sandar, sannan ya riƙe ta, domin duk wanda ya yi wannan aiki ya san zufar tafin hannu tsatsa take sa wa ƙarfe. Mista Odell yana daga kusurwa yana kallo. Ya tambaye shi a wace tasha ya yi aiki, Malam ya ce Zariya, dattijon ya gyaɗa kai kamar ya san wurin. Daga ranar kowace Asabar ta Malam ta zama ta marigayin. Bayan wasu shekaru Mista Odell ya cire makulli daga wuyansa ya ba shi, makullin da ko ɗan cikinsa bai taɓa riƙewa ba.

Marigayin mai tsari ne, ba ya son hayaniya, kuma ba ya karɓar roƙo. Sandunansa launi-launi ne: baƙa ta juya layi, shuɗiya ta kulle shi kada ya motsa a ƙarƙashin jirgi, ja ta ba da izinin wucewa. Can ƙasa a ɗakin duhu akwai ƙarafa masu haƙora da suka sarƙe da juna, ta yadda jar sanda ba za ta motsa ba sai baƙa ta zauna daidai, shuɗiya ta kulle. Ka ja da ƙarfi, ka yi zufa, ka ce ka san wane, ka ce don Allah sauri kake yi, ba za ta biyo ka ba. Malam Garzali yakan ce a duk rayuwarsa bai taɓa zama da wani wanda ba a iya lallashinsa ya yi abin da bai dace ba sai wannan ɗaki. Yana ƙaunarsa, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

Ba shi da yawan magana, amma waɗanda suka zauna da shi ba za su manta muryarsa ba. In ƙaramin jirgin ya taso, ƙararrawarsa takan ce ting, ting-ting. In an ja sanda sai ka ji ƙarararas, gam. Waya ta ɗauka ta ce zuuu ta bi gefen layi, can nesa jan allon ya amsa kaf. Akwai wani mataki a tsakiyar matakalarsa da ke cewa ƙiiƙ duk wanda ya taka shi, Malam ya sha alwashin gyara shi, yara suka hana. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba laifinsa ba ne: katakon ɗakin ƙasa ya sha baƙin mai na shekara da shekaru har ya ƙoshi. Kowa a ƙungiyar ya san ko ashana ba a ƙyastawa a wurin.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, kuma a nan ne za a ambaci suna.

Duk wanda ya yi Babbar Sallah a garin nan ya san wahalar kai da ƙafa. Ka je gona ka yanka ragonka lafiya, ka dawo da kai a leda, ka rasa inda za ka babbake shi. In ka kunna wuta a gidan haya, na'urar hayaƙi ta saman silin ta kama ihu, maƙwabta su kira hukuma. A bana wanda ya ɗauki nauyin warware wannan matsala shi ne Alhaji Zubair, mai sayar da motoci a Gate City Boulevard, yayan Hajiya Bebi, matar Malam Garzali. Shi ne ya tsaya musu suka zo ƙasar nan, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ya tattara kawunan mutane ya cika but ɗin motarsa, ya sayo tukunyar gas da bututun wuta, ya ɗauko Moro, mahaucin nan ɗan zangon Kumasi, sannan ya kira surukinsa ya ce a ara masa filin. Malam ya ce filin ba nasa ba ne. Alhaji ya ce ai ba ginin yake so ba, ɗan lungu kawai. Malam ya ce yana da aiki a sito ranar, ba zai iya zuwa ya tsaya ba. Alhaji ya ce, "Garzali, ni ne fa." A kan wannan kalma aka ba shi makulli, da sharaɗin ya tsaya can ƙarshen fili kan tsakuwa, nesa da komai. Makullin ƙofar fili da na ɗakin ƙasa a zobe ɗaya suke.

An fara lafiya. Suna tsaka da aiki hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Alhaji kuwa sabuwar shadda ce a jikinsa, don mutum ne da ko babbaka zai je sai ya yi kwalliya. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga ɗaki mai rufi, ya ga makulli a hannunsa. Ya buɗe.

Moro ya leƙa ciki ya shaƙi warin mai, ya ja da baya. Ya ce, "Alaji, wurin nan ba na wuta ba ne. Mu jira ruwa ya ɗauke."

Alhaji ya ce, "Kai dai riƙe ƙahon. Yanzu za mu gama."

Kitse ya ɗiga a kan katako, katako ya karɓa. Kafin Moro ya juya, wuta ta bi ƙarafa ta haye sama. Moro ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Alhaji ya ce a fara fitar da kawunan, na mutane ne, amana ce. A rubuta wannan a ajiye: ya san kalmar amana. Aka kwashe kawuna tsaf aka mayar but, ko kunne ɗaya bai salwanta ba. Moro ya koma ya jawo tukunyar gas kada ta fashe, hannunsa ya ƙone. Sai da suka fita babban titi sannan Alhaji ya buga wa 'yan kwana-kwana waya, ya ce shi mai wucewa ne, ya hango hayaƙi. Moro ya ce suna barin filin ya ji benen ya rufta, ƙararrawa ta ce ting sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Malam Garzali yana kan hanyar zuwa, da rigar aiki a jikinsa, wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Bebi ce, tana kuka, yayanta ya riga ya kira ta. Ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka ambaci Yaya a wurin Mista Odell ko hukuma. Kotu za su kai shi, su rufe masa wurin sana'a. Ka tuna shi ya tsaya mana." Sannan ya ce ya yi mata alkawari.

Ya iso ya tarar da toka tana tururi a cikin yayyafi. Mista Odell yana tsaye, ya tsinci zoben makulli a bakin ƙofar da ba ta nan kuma. Ba a fasa ƙofa ba, buɗe ta aka yi, kuma wurin sai ƙaurin gashi yake. Dattijon ya ce, "Garzali, wa ka ba makullina?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Mista Odell bai yi faɗa ba, da ya yi da abin ya fi sauƙi. Ya sa makullin a aljihu ya juya baya. Ƙungiya ta zauna, ta ce saboda shekarun da ya yi yana hidima ba za a kai shi gaba ba, amma kada ya sake taka filin. Har gobe tsofaffin nan sun ɗauka mutumin da ke sa hankici kafin ya taɓa ƙarfe shi ne ya kunna wuta a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne abin da ke hana Malam barci, ya fi ƙunar ginin ci masa rai.

Marigayin ya rasu ya bar sandunansa, wasu a tanƙware, duk launinsu ya tafi, ba a gane ja daga baƙa. Ya bar jan allonsa can bakin layi, a tsaye yana hana wucewa tun daga ranar, don ba mai sauke shi. Ya bar ƙaramin kan jirgi a rufe da tamfol, da yaran da ke zuwa da iyayensu su tarar da ƙofa a kulle. Ya bar Mista Odell, wanda aka ce ya daina zuwa filin da abincin ranarsa kamar yadda ya saba. Ya bar Malam Garzali, wanda har yanzu kowace Asabar yake tashi da wuri, ya yi wanka, ya sa hankici a aljihu, ya tuƙa har McLeansville, ya faka a wajen shinge ya zauna cikin mota, rana ta yi ya dawo gida ya ce wa matarsa ya je shan iska.

Ya kuma bar kawunan raguna, cikin ƙoshin lafiya. An ƙarasa babbakarsu a wani wuri, aka yi farfesu, aka rarraba gida-gida, mutane da yawa da ke karanta wannan sanarwa sun sha romon sun sa albarka. Ba a ga laifinku ba, ba ku sani ba. Har gidan Malam Garzali aka aiko da kwano guda, da gaisuwar Sallah. Yadda aka yi wannan kwano ya kwana ya wuni a buɗe ƙarƙashin kujerar motar da ta fi kowace tsada a wurin Alhaji, cikin zafin Yuli, da gilasai a rufe, iyalan mamaci ba su da masaniya. Sun dai ji an ce har yau ba a sayar da ita ba, kuma ba su yi baƙin ciki ba.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ba a rubuta komai ba. To amma makon jiya Alhaji Zubair ya zo gidan, domin ƙarshen wata zai tafi Umra, yana zagayen neman gafara kamar yadda aka saba. Ya zauna a kujerar mai gida, aka kawo masa tuwo, ya ci rabi, ya goge baki ya ce, "To, zan yi tafiya. Duk abin da na yi muku, da sani da rashin sani, a yafe mini."

Malam ya ce, "Wanne daga ciki, Alhaji?"

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Garzali, har yanzu? Tsohon katako ne fa, a ƙasar nan me ya fi shi yawa? Kuma ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Bebi, ki yi wa mijinki magana. Mutum ya koma kamar mai takaba saboda ɗakin wasan yara."

Hajiya Bebi ta tashi ta ɗauke kwanon tuwon daga gabansa, hannunsa yana ciki. Malam kuma bai ce ya yafe ba, kuma yana so a sani, a rubuce, cewa bai yafe ba. Ba ya yafiyar jimla. Wanda yake son gafararsa sai ya kira laifin da sunansa, a gaban mutumin da aka yi wa ƙarya. Masu cewa wannan sanarwa saɓa alkawari ce su sake tunani: alkawarin da ya ɗauka shi ne ba zai faɗa wa Mista Odell da hukuma ba, kuma bai faɗa ba. Ba wanda ya ce kada Hausawan Greensboro su ji.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Malamai su kwantar da hankalinsu, an san ba a yi wa katako salla, ɗaukar gawa kawai za a yi. Wani gidan ajiye kayan tarihi ya yarda zai karɓi ƙarafan da suka rage, tsofaffin ƙungiya kuwa ba su da bayan da za su ɗaga su. Don haka Mista Odell ya aiko cewa an ba Malam Garzali izinin shiga filin na wuni ɗaya, ya yi bankwana, ya kuma zo da masu ƙarfi. Za a taru ranar Asabar mai zuwa bayan azahar. Wanda bai san hanya ba ya tsaya a masallaci, za a tafi a jere. A sa tsofaffin kaya, a zo da safar hannu, don ko a ƙone suke ba za a taɓa sandunan nan da tafin hannu ba. Ba a buƙatar abinci. Mai shan taba ya bar ashanarsa a mota. Moro zai zo, ba zai iya ɗaukar komai ba saboda hannunsa, amma ya ce zai tsaya inda kowa zai gan shi.

An keɓe wa Alhaji Zubair wuri a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da Mista Odell. Ba a neman ya ɗauki ƙarfe, kada shadda ta ɓaci. Ba a neman ya gina wani ɗaki, ba zai iya ba. Abin da ake nema magana ce da ba ta kai tsawon cinikin taya ba: ya dubi dattijon ya ce, ni na buɗe, ni na kunna, Garzali yana wurin aiki. Turancin da yake sayar da mota da shi ya ishe shi faɗin wannan. Malam Garzali zai tsaya a gefe, bakinsa a rufe, domin shi in ya yi alkawari ya yi ke nan, ko da zai mutu da sunan mai ƙone amana.

Sai dai akwai ƙari, kuma mai ƙarin ta ce a sa shi a ƙarshe yadda ba wanda zai tsallake. Hajiya Bebi ta ce ita ce ta rufe bakin mijinta da hannunta, kuma ta gaji da wanke hankicin da ke dawowa gida fes kowace Asabar. Ta ce alkawari shi ya ɗauka, ita ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta karɓi hutu daga gidan kula da tsofaffin da take aiki, ta kuma ce turancin da take lallashin tsofaffi da shi kullum zai isa ta yi wa tsoho ɗaya bayani.

Za a jira Alhaji Zubair har la'asar. In an idar da salla bai buɗe baki ba, ko bai zo ba, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya za ta taka har gaban Mista Odell, a gaban jama'a, ta faɗa.